Seitoku Mai Waya da Muryar Inna Ushi

Duk wanda ya tashi a garin Koza na tsibirin Okinawa kafin talabijin ta shigo gari ya san Ganeko Seitoku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn saurayin nan da kullum ake hangowa a kan falwaya, filaya a aljihun baya, waya naɗe a kafaɗa, yana tsokanar matan da ke shanya a tsakar gida. Yau ya haura tamanin, gwiwoyi sun ƙi ko da matakalar bas, amma har gobe Mai Waya ake ce masa, in ka kira shi da wani sunan ba lallai ya waiwayo ba.

An haife shi a 1937, a wani ƙauyen manoman rake da yanzu filin jirgin sojan Amurka ya shimfiɗe a kansa. Yana da shekara takwas yaƙi ya ci tsibirin Okinawa. Mahaifinsa ya fita bai dawo ba. Shi da mahaifiyarsa suka ƙare a sansanin da aka tara waɗanda suka tsira, cikin tantuna, ana raba musu abincin gwangwani. A nan ya fara ganin abin da ya riƙe shi har tsufa. Wani dattijo ya tsinci gwangwanin da aka cinye abin cikinsa, ya soka masa sandar gadon soja, ya ɗaura igiya uku ta lemar da sojoji ke dirowa da ita, ya mai da shi sanshin, wato molon tsibirin, tunda molayen gaskiya masu fatar maciji duk sun ƙone tare da gidaje. In ya fara kaɗawa da la'asar sai ka ga matan da suka binne 'ya'yansu sun taso, hannuwa a sama, suna rawa hawaye na zuba. Seitoku ma ya gwada waƙar. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, kunnenka mai kyau ne. Bakin dai ka bar shi wa cin abinci."

Bai ji haushi ba. Har yau yakan ce ba a taɓa gaya masa gaskiya mai amfani kamar wannan ba, don ta hutar da shi shekaru na wahalar banza.

Garin Koza a bakin ƙofar barikin sojan Amurka ya tsiro. Mutane suka kwararo daga kowane ƙauye da kowane ɗan tsibiri neman aiki, kowa da waƙar garinsu a baki. Rediyo kuwa sai gidan mai hali. Sai wani mai shagon kayan wuta, Yonamine, ya yi dabara: ya kafa babbar rediyo ɗaya a shagonsa, ya riƙa jan waya gida gida, kowane gida a rataya masa ɗan akwatin katako a bango. Abin da Yonamine ya kunna, shi unguwa za ta ji. Seitoku na da shekara goma sha tara ya kama aiki a wurinsa, shi ne mai jan wayar.

Saboda haka ya san abin da maigidansa bai sani ba. Yana shiga gidaje, yana ganin lokacin da ake ƙure murya da lokacin da ake kashewa. Wata rana ya sauko daga falwaya ya tarar da Yonamine yana goge wata rikoda da ya saya hannun wani soja mai komawa gida, irin mai manyan faya-fayan tef guda biyu, nauyinta kamar buhun shinkafa.

"Maigida, waƙoƙin Tokyo ɗin nan da kake sa wa, tsofaffi kashewa suke yi."

"To me suke so? In yi musu da kaina?"

"Kar ka soma, mu rasa sauran. Ka ba ni akwatin nan da keke. A layin nan kaɗai akwai mawaƙa biyar. Ɗaya wanzami ne, ɗaya amalanke yake turawa."

"In ka fasa min ita fa?"

"Ba zan fasa ba."

Haka yake magana tun yana ƙarami, bai iya wataƙila ba. Yonamine ya dube shi sama da ƙasa, ya tura masa rikodar. Cikin wata uku sai da aka ƙara ma'aikata biyu, saboda masu son a ja musu waya sun yi yawa. Matar wanzami ta ji muryar mijinta tana fitowa daga bangon maƙwabta, ta zaga layin kaf tana tambaya ko sun gane shi. Da yawa daga cikin waɗanda daga baya suka yi faya-fayai, aka san su har Osaka, a bayan keken Seitoku muryarsu ta fara tafiya.

Amma duk wanda ya ɗauka, in ya tambaye shi wa ya fi kowa a garin nan, amsar ɗaya ce: je ka wurin mai awara.

Agarie Ushi ke nan, tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai, yaƙi ya cinye mata miji da 'ya'ya biyu. A bayan kasuwa take yin awararta, da ruwan tekun da ake ɗebo mata daga Awase. Tun tana budurwa, a dandalin da samari da 'yan mata ke haɗuwa a bayan gonaki suna jifan juna da baitoci, ba a taɓa kayar da ita ba. Ba ta yi malami ba, ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba. Sau uku Seitoku yana zuwa tana korarsa.

"Ɗan nan, in bar wake a jiƙe in je in yi wa akwati waƙa? Akwatin zai yi min amshi?"

"Inna, ba sai kin je ba. Akwatin ne zai zo."

"To ya zo. Amma in ya zo niƙa zai taya ni, ba ni da wurin zaman ɗan kallo."

Ranar wata Lahadi da safe a 1959 ya kai rikodar, ya kife bokiti ya ɗora makirfo a kai, ya kama hannun dutsen niƙa. A wurin ya tarar da wani sa'ansa, Tamanaha Eikichi, mai wankin kaya a bariki, wanda duk Lahadi yake zuwa ya yi mata niƙa ita kuma ta koya masa waƙa. Tsohuwar ta yi waƙa goma sha ɗaya tana tace wake. Tsakanin kowace waƙa takan sa Eikichi ya maimaita, ta bi shi da faɗa. Seitoku bai kashe tef ɗin ba ko sau ɗaya. Da aka sa waƙoƙin a waya, kwana uku mutane na tsayawa a ƙofar shagon Yonamine suna roƙo a maimaita. Ya koma neman ta biyu, ta ce, "Na ji kaina a bango, ya ishe ni." Daga wannan ba wanda ya sake ɗaukar muryarta har ta rasu a 1971.

Talabijin ta kashe rediyon waya cikin 'yan shekaru. A 1966 Yonamine ya rufe, ya ce a kwashe tef ɗin a zubar, yana son wurin. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Lokacin Seitoku bai daɗe da auren Fumi ba, suna zaune a ɗaki biyu. Ya samo akwatunan ganyen shayi, masu rufin kwano a ciki, don danshin tsibirin nan fumfuna yake sa wa komai, ya jera tef ɗin, ya kai gida.

Fumi ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu. "Mu kuma a ina za mu shimfiɗa katifa?"

"A kansu mana. Ga gado kin samu."

Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, sannan ta ɗinka wa akwatunan mayafi.

Ya koma gyaran wuta da akwatunan sauti a mashayan layin ƙofar bariki. Zamanin yaƙin Vietnam ne, samarin tsibirin suna kaɗa jita wa sojojin da gobe za a tura su fagen fama, kuma in kiɗa bai yi musu ba kwalba ce za ta taso. Wannan ta sa yaran suka ƙware ƙwarewar da ba a samu a makaranta. Seitoku yakan shiga da rana lokacin da suke gwaji, ya gyara abin da ya ƙone, ya ɗauki kiɗansu. Masu sanshin suka ce ya lalace, yana tara hayaniyar baƙi. Ya ce, "Yaran garin nan ne, da yatsun garin nan. Wancan mai gangar ma, uwarsa ce ta yi waƙar shuka a tef na arba'in."

Duk shekara in damina ta ɗauke sai ya fito da tef ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya warware ya sake naɗewa don kar su manne. Shekara arba'in yana wannan. Da wata guguwar teku ta yaye musu rabin rufi, katifu da barguna duka a kan akwatunan ya jibga, shi da Fumi da 'ya'yansu uku suka tsaya a lungu cikin rigunan ruwa. Fumi ba ta taɓa barin wannan labarin ya tsufa ba, duk baƙon da ya zo sai ya ji shi.

Zuwa 2008 layin kasuwar ya mutu, shago uku a rufe, ɗaya a buɗe. Ƙungiyar 'yan kasuwar layin ta yanke shawarar mai da wani shagon da ba kowa ɗakin tunawa da mawaƙa da makaɗan Koza, a jera hotunansu a bango. Shugabansu Zukeran, mai sayar da takalma, mutumin kirki ne mai son garinsa. Ya kira Seitoku don ya duba musu wayoyin wuta kawai. Seitoku ya gama da wuta, ya ga takardar sunaye a kan tebur, ya sa tabarau. Suna talatin ne, duk masu faya-fayai da lambobin yabo. Na farko shi ne Tamanaha Eikichi, tsohon mai wankin nan, wanda yanzu ya zama babban malamin waƙa mai ɗalibai ɗaruruwa, kuma ko'ina aka rubuta tarihinsa sai a ce wurin wani gwanin kiɗan fada na Shuri ya yi karatu.

"Ina masu jita?" in ji Seitoku.

"Muna tunani a kai, Baba."

"Ku gama tunanin, ina da sunayensu. Ina mai awara?"

"Wace mai awara?"

Ya gaya masa. Zukeran ya sosa ƙeya. "Baba, ba ta da faifai, ba ta cikin kowane littafi, ko hotonta ba mu da shi. Kuma mun kai wa Malam Tamanaha takardar nan ya duba, bai ce an manta kowa ba."

"Ashe," in ji Seitoku, ya ninke tabaransa.

A gida Fumi ta ce abin mai sauƙi ne, ya ɗauki tef ɗin ya kunna musu a taron ƙungiya, kowa ya ji babban malam yana shan faɗa a gindin dutsen niƙa.

"Ba kunyata shi nake so ba," in ji shi. "Suna nake so a bango."

Washegari da rana ya sa babban ɗansa ya ɗora masa tsohuwar rikodar a mota, ya sauke shi a gidan Eikichi bayan ɗalibai sun watse. Sun fi shekara goma ba su zauna tare ba. Eikichi ya fito da furfurarsa a gyare, ya ga wanda ke ƙofa ya fashe da dariya.

"Mai Waya! Har yanzu ba ka faɗo daga falwaya ba?"

"Ina jira ka riga ni, taka ta fi tsawo."

Aka kawo shayi. Seitoku bai yi dogon bayani ba, ya zura tef ya murɗa. Da farko ƙarar dutse ce ke juyawa, da ruwa na ɗiga a bokiti. Sai muryar ta taso, mai kauri, ba gaggawa, tana jan ƙarshen baiti har sai ka ɗauka numfashi ya ƙare sannan ta ƙara lanƙwasa shi. Eikichi ya ajiye kofinsa. Waƙar ta ƙare, wata murya ta saurayi ta maimaita, sai tsohuwar ta katse shi.

"Eikichi! Sake! Ka haɗiye ƙarshen kamar mai dankali da zafi a baki. Wa ya biyo ka?"

"Yi haƙuri, Inna."

"Haƙurin me? Niƙa kake, waƙa kake, ko ɗaya ba ya tafiya. Sake!"

Seitoku ya tsayar da tef ɗin.

"Ka san na je gasa a Naha, babban birni, a shekarar sittin da uku," in ji Eikichi a hankali. "Alƙalai suka ce wane ne malaminka. Na ce Agarie Ushi. Suka ce ta wane gida ce, na ce awara take sayarwa a Koza. Dariyar da suka yi har yau ina jin ta. Ban ma kai ga buɗe baki ba aka ce in dawo in na samu malami. Sai na je Shuri na yi shekara biyu, na rubuta sunan malamin can, na ci."

"Na sani."

"Ta ji labari. Ba ta ce komai ba, awara ta aiko min da ita a ƙwarya, wai na taya murna. Na kasa komawa gidan. Seitoku, ko jana'izarta ban je ba."

"Na sani, ni na je."

"To me kake so in yi?"

"Sunanta zai hau bango, wannan kam an gama. In daga bakinka ya fito, ya fi kyau. In ba za ka iya ba, ni zan faɗa, in sa waƙoƙinta. Amma wurin da take maka faɗa ba wanda zai ji, wannan tsakaninku ne."

Eikichi ya share fuska da tafin hannu. "Mayar da shi baya in sake ji," in ji shi. Suka saurari tef ɗin har ƙarshe, duk waƙa goma sha ɗaya. Da Seitoku ya tashi tafiya, Eikichi ya raka shi har bakin mota, ya ce, "Kar ka yanke komai. A sa shi duka."

Saura hoto. Seitoku ya yi mako biyu yana bin dangi har ya gano jikarta, Natsuko, direbar motar 'yan makaranta a Naha, wadda aka haifa bayan rasuwar tsohuwar. Hoto ɗaya tak suke da shi, wanda ke kan teburin tunawa da kakanni, ta ba da aka wanko wani. Ta ce ita dai an gaya mata kakarta mai awara ce mai faɗa, ba wanda ya taɓa ce mata tana waƙa.

Ranar wata Asabar da azahar aka buɗe ɗakin. Layin ya cika yadda bai cika ba shekara ashirin. Ga tsofaffin masu sanshin cikin kimono, rigarsu ta gargajiya, ga tsofaffin masu jita da furfura ɗaure a ƙeya, kowa na nuna wa jikokinsa hotonsa. An shirya Malam Tamanaha zai yi jawabi na minti biyar. Ya tashi, bai fito da takarda ba.

"Shekara arba'in da biyar ina gaya muku sunan malamina," in ji shi. "Wancan ya koya min zama da riƙon sanshin, ina gode masa. Waƙa kuwa ga wadda ta koya min." Ya nuna hoton tsohuwar. "Kunya ta sa na ɓoye ta, don awara take sayarwa. Mai Waya, kunna."

Seitoku ya murɗa. Layin ya yi tsit har waƙar farko ta ƙare. Da aka zo wurin dankali mai zafi, ɗaliban Eikichi suka dubi juna, don kalmar da yake zaginsu da ita ke nan kullum, ɗaya ta kasa riƙewa ta tuntsire, sai wurin gaba ɗaya ya ɗauka, har shi malamin. Natsuko kuwa tana tsaye kusa da rikodar, hannu a baki. "Muryar babata ce sak in tana faɗa," ta ce wa Fumi, tana dariya tana share ido. Da tef ɗin ya ƙare Eikichi ya ɗauki sanshin ya yi baitin nan da aka ce ya sake, ya ja ƙarshensa har inda ya kamata. Wani tsohon mai ganga na zamanin mashaya ya shiga da tafi, mata suka ɗaga hannuwa, aka yi rawa a tsakiyar layi har masu shaguna suka bar kantunansu.

Bangon da aka fara da suna talatin yanzu ya wuce tamanin, don tun daga ranar mutane suka riƙa kawo hotuna da kaset daga ƙasan akwatunansu. Eikichi ya sa aka gyara tarihinsa a duk takardun makarantarsa kafin ya rasu. Wasu ɗaliban jami'a suka zo suka kwafe tef ɗin duka a kwamfuta, Seitoku na zaune a kansu wata huɗu, ba ya barin kowa ya zura tef sai shi. Kullum ƙarfe goma yana ɗakin, ƙarfe huɗu Fumi ta aiko a ce masa abinci na hucewa.

Bara wata mata ta shigo, ta haura sittin, daga Brazil, harshenta duk ya karye. Ta ce iyayenta sun yi ƙaura tana goye, mahaifinta ya rasu tana da shekara huɗu, an ce mata yana busa sarewa a Koza. Sunansa kawai ta sani, Iramina Kamesuke. Yarinyar da ke kula da kwamfuta ta fara dubawa, Seitoku ya ɗaga mata hannu.

"Tef na sittin da biyu, gefen farko. Kafinta ne, a ƙarƙashin bishiyar gwanda na ɗauke shi. Sai da ya yi tari sau biyu kafin ya fara, kuma akwai jaririya na kuka a ɗaki, ya ce in yi haƙuri, haƙori take yi." Ya jawo mata kujera. "Zauna, 'yata. Ke ma kina ciki."